Kalma Guda Mai Wuyar Fassara

Akwai wata kalmar Turanci da ta kan ba mu wuya wajen fassara, ita ce "impracticable". Da yawanmu mu kan juya ta mu ce "abin da ba shi yiwuwa", mu haɗa ta da "impossible". Kuskure ne. "Impossible" shi ne abin da ɗan Adam ba ya iyawa ko kaɗan, kamar ɗauke dutsen Dala a ka. Amma "impracticable" shawara ce wadda ta yi kyau bisa takarda, sai an zo aikata ta a ga ba ta aikatuwa.

Ga misali daga Kano. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari wajen 1913 domin baƙin da suka biyo shi daga Kudu. Fagge kuwa, tsohon masaukin fatake, tana tsakaninsa da birni. A 1917, zamanin Gwamna Lugga, aka yi dokar garuruwa, aka ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin gidajen Turawa da na baƙar fata, wai don kada sauro ya kai musu zazzaɓi.

Barin fili ba wuya. Amma sauro bai san awon yadi ba. Bature kuma ba shi zama sai da kuku da boyi, su kuwa bayan gidansa su ke kwana. Haka nan aka so a ware baƙi daga 'yan ƙasa, amma gari na wayewa sai Bafagge ya doshi kasuwar Sabon Gari, ciniki ya gama su. Rabuwar da aka nufa ba ta tabbata ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

To, don me za mu kula? Domin gobe mu ne malamai, mu ne ma'aikata. Idan na gaba ya ba da umurni, muka ce masa "impossible", ya ɗauke mu ragwaye, magana ta ƙare. Idan kuwa muka ce "impracticable", tilas mu kawo dalili, mu nuna inda abin zai cije, kana mu faɗi wata hanya. Wanda ya yi shiru don tsoro, talakawa ne za su sha wahalar shirunsa.

Allah ya ba mu faɗin gaskiya da ladabi, amin.