Jan Biro A Kan Wasan Tsere

Jama'a, mu malamai gyara ne abincinmu. Shi ya sa nake jinjina wa masu gyaran Gran Turismo 2, wasan tseren PlayStation na 1999 mai motoci sama da 600. An fitar da shi cikin gaggawa, har a bugun farko na Amurka komai ƙwazonka ba ka wuce kashi 98.2 cikin 100. Masoyansa suka shiga daidaita nauyin motoci, ƙarfin inji da siffarsu da na zahiri, ba ko sisi. Ni ma nakan sa hannu, domin yaro ya fi haddace lambar talabijin da ta allon aji. In karkatacciya ce, da ita zai girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.