Gaya: garin gada da aikin ƙarfe

Gaya tana bakin kogin Kwara, cikin jahar Doso. Gadar da aka buɗe a 1958 ta haɗa ta da Malanbil ta ƙasar Benin. Daga gabas kuma ga Kamba ta Najeriya. Ƙasa ce mai ruwa, ana noman shinkafa da rake da rogo.

Shekara da shekaru manyan motoci daga Kwatano ta nan suke shigowa. A 2023 aka rufe iyakar Benin, kaya suka yi wuya. Ƙaramin ƙarfe guda in ya karye, sai injin ban ruwa ya tsaya, shuka ta ƙone.

Nan ake gane amfanin mai aikin tur. Shi ke sassaƙa ƙarfe da inji, ya fid da sabo daidai da wanda ya karye. Gwani cikinsu har mazubi yake ƙerawa, wanda za a buga ƙarfe ɗari da shi, duka kai ɗaya. Yana gasa ƙarfen ya tsoma cikin mai don ya yi tauri. Awonsa ba ya kuskure ko da kaurin gashi.

Wannan sana'a a lakwal ake koyonta, kamar lisen fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Sai yaro ya iya karatu da lissafi da zane kafin ya taɓa inji.

Iyaye, ku sa yara lakwal. Garin da ke da maƙeransa ba ya zaman jiran mota.