Bolonya, Garin da Aka Auna Faɗin Taliya da Hasumiya

A birnin Bolonya da ke arewacin Italiya, cikin tsohon ginin zauren 'yan kasuwa, an adana silin taliya guda ɗaya na zinariya. Shi ne ma'aunin gari. Ranar 16 ga Afrilu, 1972, dattawan wata ƙungiya mai kare girkin Italiya suka je can, aka rubuta a takarda gaban shaidu cewa faɗin taliyar garin, wadda suke kira talyatelle, milimita 8 ne bayan ta dahu. Suka ƙara da cewa wannan faɗi kashi ɗaya ne cikin 12,270 na tsawon hasumiyar Asinelli, wadda ke tsaye a tsakiyar gari tun ƙarni na 12, tsayinta mita 97. Wanda duk tasa ta zarce haka ko ta gaza, sai ya nemo mata wani suna.

Garin ba na wasa ba ne. Jami'arsa tana lissafin shekarunta daga 1088, kuma rumfunan bakin titinsa, da mutum zai yini a ƙarƙashinsu ruwan sama bai taɓa shi ba, sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2021. Amma duk wanda ka tsayar a hanya, zancen abinci ya fi saurin buɗe bakinsa.

Ziyarar ɗan yayata ce ta kai ni. Yana aiki a wata masana'antar injinan ƙunshe kaya, sana'ar da yankin ya yi suna a kanta, kuma yana zaune a unguwar Bolonyina, bayan tashar jirgin ƙasa, inda 'yan Maroko da Bangaladash da Sin da 'yan Afirka ta Yamma suka cakuɗa da tsofaffin 'yan gari. Ƙofarsa na kallon ta wata dattijuwa da ta ƙare ƙuruciyarta tana murza taliya a gidan abinci. Sana'a ce mai suna da daraja. Masu yin ta ana ce musu sfolyina. Idan ka ratsa tsohuwar kasuwar Kwadirilatero za ka gan su ta gilashin shaguna, sanye da fararen kaya, suna murji tun safe, mutane na layi suna saye a kan kuɗin da ya ninka na taliyar leda sau da yawa. Yaron yana kai wa dattijuwar kayanta sama idan ta dawo daga kasuwa, ita kuwa ta ce ranar Lahadi a kawo baƙon ya ga yadda ake yi.

Ta fito da wani faffaɗan katako da ya sha hannu har ya yi sheƙi, ta ɗora a kan tebur. Ta tsiba fulawa, ta yi mata rami a tsakiya, ta fasa ƙwai a ciki. Ƙa'idar ɗaya ce: gram 100 na fulawa ga kowane ƙwai. Babu ruwa, babu mai, ko gishiri ba ta sa ba, ta ce wurinsa ruwan dahuwa. Shi ya sa a garin ba a tambayar uwargida kilo nawa za ta yi, sai dai ƙwai nawa. Ita ta yi ta ƙwai huɗu. Fulawar tasu mai laushi ce ƙwarai, ta alkama mai taushi, wadda suke rubuta wa lamba 00 a jikin jaka.

Da cokali mai yatsu ta fara kaɗa ƙwan, tana jawo fulawa daga gefe kaɗan-kaɗan don kada katangar ta ɓalle. Da ya haɗu sai ta sa hannu. Da gindin tafi take turawa, ta naɗo, ta juya, ta sake turawa, wajen minti goma ko fiye, har ƙullin ya yi sumul, ka danna yatsa ya dawo. Sai ta kifa kwano a kai, ta ce a bar shi rabin awa. Ba hutun banza ba ne: ƙullin da aka gama cuɗa yana da taurin kai, ka miƙe shi ya tsuke, amma idan ya huta sai ya bi hannu.

A nan aikin yake. Sandar murjinta ta fi mita ɗaya, ba ta da mariƙi. Ta fara daga tsakiya tana turawa waje, tana juya faifan kaɗan bayan kowane turi. Da ya yi faɗi sai ta riƙa naɗe shi a jikin sandar, ta zame tafukanta daga tsakiya zuwa gefe, ta warware, rabinsa na reto a bakin tebur, nauyin kansa na taya ta ja. Ba ta kallon hannunta ma. Tana ta tambayar yaron ko ya biya kuɗin wuta. Kafin a jima ƙullin da bai fi dunƙulen hannu biyu ba ya rufe katakon, rawaya, ba huji, ba inda ya fi wani wuri kauri. Mutanen garin suna cewa bai yi ba sai ka ɗaga shi ka hango cocin San Luka ta cikinsa, wato wanda ke kan tudu a wajen gari, mai doguwar rumfa ta kusan kilomita huɗu. Daga tagarta ba a hango tudun, amma da ta ɗaga na ƙirga yatsunta ta baya.

Na ce wa yaron ya tambaye ta me ya hana ta sayen inji. Ta amsa da tsawo, tana nuna katakon.

"Kawu, ta ce ƙarfe yana sa taliya santsi, miya ta zame. Itace kuwa yana bar mata kaushi, miyar ta kama."

Na shafa, kuma gaskiyarta ce, akwai ɗan kaushi da ido ba ya gani. Ta bar faifan ya sha iska kaɗan, ta naɗe shi sako-sako, ta yanka da doguwar wuƙa, kowane sili ƙasa kaɗan da milimita 8 domin zai kumbura a tukunya. Ba ta auna ba. Ta warware su, ta jera tsibi-tsibi.

Miyar da ake ci da ita ragu ce, ita ma tana da takarda a zauren 'yan kasuwa, tun 17 ga Oktoba, 1982, an kuma sabunta ta a 2023. Wanda ya saba da jar miyar da ake kira bolonyis a otal-otal zai yi mamaki, domin ta ainihi miyar nama ce, tumatir ɗan rakiya ne. Albasa da karas da seleri ake yankawa ƙanana a soya a hankali, a zuba naman sa da aka niƙa, a bar shi ya soyu har ya fara ƙara, a sa tumatir, a rage wuta, ta yi awa biyu ko fiye tana ɓararraka, wasu su ƙara madara don naman ya yi laushi. A 2019 magajin garin na lokacin, Virginio Merola, ya fito fili ya ce abin da duniya ke kira sufageti bolonyis babu shi a garinsa. Hujjarsu mai sauƙi ce: sufageti siriri ne mai santsi, ka ɗaga shi naman ya koma gindin faranti.

Sai dai a cikin takardar akwai abu biyu da Musulmi zai tsaya a kansu, kitsen cikin alade da giya. Yaron ya riga ya san hanya. Tun ranar Asabar ya sayo nama wurin wani mahauci ɗan Maroko, ya zaɓi mai ɗan kitse, ya zo da tukunyarsa. Dattijuwar ta sa man shanu a madadin kitsen aladen, romo a madadin giyar, ba tare da gunaguni ba. Wanda zai zo yankin nan ya riƙe wannan: alade yana ɓuya a inda ba ka zata, har cikin wasu burodinsu da ake kwaɓawa da kitsensa. Ka tambaya kafin ka kai baki. Fitaccen abincin garin, tortelini, 'yan ƙananan ƙunshin taliya da ake dafawa cikin romo, cikinsu naman alade ne iri uku da cuku da ƙwai, kamar yadda aka rubuta a 1974. Manyansu kuwa, torteloni, farin cuku da ganye ake cusa musu, a ci da man shanu, ba abin tsoro.

A kan tortelini an taɓa yin rigima. A watan Oktoba na 2019, wajen bikin San Fetironiyo, waliyyin garin a wurin Kiristoci, masu shirya abinci sun yi wasu tortelini da naman kaza kusa da na gargajiya, domin Musulmi da sauran marasa cin alade su zauna a ci da su. Aka alaƙanta abin da babban limamin cocin garin, Matteo Zuppi. Ƙasa ta ɗauka. Matteo Salvini, jagoran jam'iyyar Lega, ya ce ana share musu tarihi. Ni dai ina ganin masu hayaniyar ba su buɗe littafin kakanninsu ba. Pellegrino Artusi, wanda littafin girkinsa na 1891 ya shiga gidajen Italiya kafin yawancinsu su iya harshen ƙasar sosai, ɗan wannan yanki ne, kuma a bayaninsa na kafeleti, ƙunshin maƙwabtansu na Romanya, ƙirjin dandaƙaƙƙen zakara ne naman da ya fara ambata, alade sai idan ba a samu ba. Gargajiyar da ake rantsuwa da ita sau da yawa ba ta kai tsufan da ake ba ta ba. Ko tumatir ɗin baƙo ne daga nahiyar Amurka, kuma sai a ƙarni na 19 ya zauna a kan taliya.

Ita kanta taliyar busarwa, tsohon labarinta da ya fi fitowa fili a Italiya daga alƙalamin Musulmi ya zo. A 1154 masanin ƙasa Al-Idrisi, yana rubuta wa Sarki Roja na Biyu na Sisili, ya ambaci garin Tarabiya kusa da Falermo, inda ake yin abinci na fulawa mai siffar zare, ana lodinsa a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Marko Folo, da ake cewa shi ya kawo ta daga Sin, sai a 1295 ya dawo gida. Har yau kudu da arewa ba girkinsu ɗaya ba. A kudu alkama mai tauri ake shukawa, a kwaɓa garinta da ruwa zalla, ba ƙwai. A tsohon garin Bari mata na zama a ƙofar gida suna jan ƙulli da bakin wuƙa, su juya shi a kan babban yatsa. Taliyar leda ma daga irin wannan alkama take, kuma dokar ƙasar tun 1967 ta wajabta haka. Mutum ɗaya a Italiya yana cin kusan kilo 23 a shekara, mai bi masa ɗan Tunisiya ne.

Muna jiran ruwa ya tafasa na nuna mata hoto a waya: tsakar wani gida a Kano, taliya 'yar murji rataye a kan igiya, ga injin hannu ɗaure a bakin benci. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta gane injin nan take, domin irin wanda kamfanonin ƙasarta, Imperia da Marcato, suka yi suna da shi ne. Ta tambayi da me ake ci, aka ce mata da mai da yaji. Ta gyaɗa kai, ta ce su ma idan dare ya yi ba komai a gida, man zaitun da tafarnuwa da barkono suke sa wa tasu.

Abin da ya tsaya mini shi ne bambancin matsayi. A wurinmu 'yar murji abincin yara ce da masu ƙaramin ƙarfi, ana aike a sayo ta a maƙwabta, idan baƙo ya zo kuwa sai a yage leda don a fita kunya. A Bolonya ta leda ce abincin ranar aiki, ta hannu ita ake ajiye wa Lahadi da biki da baƙo. Matar da ke murzawa a Kano ba ta fi wannan dattijuwa ƙarancin gwaninta ba, illa dai babu wanda ya taɓa ɗaukar aikinta zuwa wani zaure ya ce a rubuta. Ban ce mu riƙa auna taliya da hasumiyar Gobarau ba. Amma gwada fasa ƙwai a cikin ƙullin, da barinsa ya huta, ba su fi ƙarfin kowane gida ba.

Dahuwar ce ta fi komai sauri. Ruwa mai yawa, wajen lita ɗaya ga kowane gram 100, gishiri cikin tafin hannu, ba ɗigon mai. Ta zuba, minti biyu zuwa uku ta tsame, tun da sauran ɗan ƙarfinta a haƙori. Ba ta ɗauraye ba. Ta ce wannan danƙon da muke wankewa shi ke riƙe miya. Kai tsaye ta juye cikin tukunyar ragu, ta ƙara ludayi guda na ruwan dahuwar, ta jujjuya a kan wuta har kowane sili ya ɗauki rabonsa. Ta goga cukun Farmijano a kai, wanda ba a sayar da shi da wannan suna sai ya shekara a ajiye. Kuma ba a jira kowa: faranti na sauka ake ci, domin minti biyar ya isa ya lalata aikin safiya guda.

Miyar ba ta da yawa yadda za ta yi iyo a faranti, ɗanɗanon ƙwai da alkama na fitowa ta ƙarƙashinta. Yaron ya zaro ƙullin yajin da na kawo masa daga gida, ya dube ta kamar mai neman izini.

"Sinyora, kaɗan kawai."

Ta kawar da kai, ta ce a gidansa ne ya yi abin da ya ga dama, a teburinta kuwa sai ya fara cin loma uku yadda ta dafa. Ya ci ukun, ya barbaɗa. Can sai ta miƙo cokali ta laƙato kaɗan daga gefen farantinsa, ta yi tari, ta nemi ruwa, ta tambayi ko ƙuli-ƙulin da ke ciki ana samunsa a shagon 'yan Gana da ke kusa da tasha.