Usur Ɗaya, Laifi Biyu



Mu 'yan Kaikai muna son ƙwallo, amma ba mu son alƙalin wasa. Ko a filin makaranta ne, ko a gidan kallo, da ya busa usur sai ka ji ana cewa an saye shi. Rigimar ta fi zafi idan laifi biyu suka faru lokaci guda, domin kowane ɓangare laifin ɗayan kawai yake gani. Wannan ya ja riga, wancan ya kai gwiwar hannu a fuska. Wanne za a hukunta?

Mun kai wannan tambaya wurin malaminmu na wasanni. Ya ce mana dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, ta 5 kuma ita ce ta yi magana a kan alƙali. Ta ce idan laifuffuka suka haɗu a lokaci ɗaya, wanda ya fi girma ake hukuntawa. Jan riga ƙeta ce, amma gwiwar hannu tana iya fasa ido. Don haka mai gwiwar ne zai ga kati, ko da shi ma an ja shi. Idan kuwa wani laifin ya riga wani, daga na farkon ake tashi. Ɗan wasan da ya karɓi ƙwallo yana satar gida, sannan aka taɗe shi, ba shi da fenareti, sai dai a ba wanda ya taɗe shin kati idan ya yi mugunta.

Malam ya ƙara da cewa namu ma mai sauƙi ne. Akwai wasan zari-ruga, wanda Afirka ta Kudu ta ci kofin duniyarsa a Faransa a 2023, bayan ta doke New Zealand da 12 da 11. A wasan akwai lokacin da ƙarti takwas daga nan da takwas daga can suke sunkuyawa, su haɗa kafaɗu, kawunan na gaba su shiga tsakanin juna, a jefa ƙwallo a ƙarƙashinsu su yi ta turereniya. Mutum 16 ke nan, alƙali kuwa idonsa biyu. Wani ya fara turi kafin a ba da izini, wani ya saki riƙo, wani ya danne abokin karawarsa ƙasa.

To, alƙalin yana da tsari. Abin da yake fara dubawa shi ne wuyan mutane. Idan aka ɗaga wani har ƙafafunsa suka bar ƙasa, nan take yake busawa, ko da wani ɓangare yana dab da cin maki. Daga nan sai ya nemi wanda ya jawo ɓarnar, domin wanda ya faɗi ba lallai ne shi ne mai laifi ba, wataƙila janyo shi aka yi. Hukuncin ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi gaggawar turi hukuncinsa ƙarami ne, wanda ya rusa taron da gangan nasa babba ne.

Da muka ji haka sai muka gane cewa idan alƙali ya ƙyale wani laifi, ba kullum ne don bai gani ba. Zaɓi ya yi, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Abin ya shafe mu. Wanda yake riƙe mana usur a gasar gidaje malaminmu ne, ko wani yayanmu na babban aji, kuma ba biyansa ake yi ba. Ba shi da na'urar maimaita hoto irin ta Turai, ga ƙura, ga ihunmu. Idan muka ci gaba da zaginsa da shiga fili, ranar da muka nemi mai busawa za mu rasa. Ba alƙali, ba wasa.

Shawararmu ita ce, kafin a take ƙwallo a tara gidaje duka, Malam ya faɗi tsarinsa kowa ya ji: lafiya tukuna, sannan laifin da ya fi girma, sannan wanda ya fara. Mai ƙorafi ya bi ta wurin kyaftin ɗinsa. Mu 'yan kallo kuma mu tsaya a bayan layi.

Allah Ya ba mai rabo sa'a, Ya sa a tashi lafiya.

Daga 'yan aji biyu, ƙaramar sakandare.