Abin Da Na Gani A Nsukka

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwa labarin wani gari da aiki ya kai ni.

Sunan garin Nsukka, a ƙasar Ibo, kamar mil 40 arewa da Inugu. Gari ne mai tuddai da jar ƙasa, in mota ta wuce da rani sai ƙura ta rina maka riga. An san shi da jami'ar da aka buɗe a 1960. Amma wanda ya ƙara kai sunansa Turai wani mutumin Ghana ne, El Anatsui, haifaffen 1944, wanda ya zo koyar da sassaƙa a jami'ar a 1975. Da fari da yumɓu da katako ya ke aiki. Wajen 1999 ya koma kan abin da kowa ya ke takawa ya wuce, watau marfin kwalaben giya da aka zubar.

Na shiga ɗakin aikin, na tarar da samari zaune, gaban kowa tulin marafa. Wannan ya yanka marfi ya miƙar da shi, wancan ya huda gefensa, wani ya ɗaure shi da ɗan'uwansa da wayar jan ƙarfe. Da hannu a ke kome. In sun haɗa guntaye masu yawa sai a shimfiɗa su a ƙasa, maigidan ya yi ta jera su bisa launi, ja nan, baƙi can, ruwan zinariya a tsakani, sa'an nan a ɗinke. In an rataye abin a bango, wallahi sai ka ce alkyabbar wani babban sarki ce aka saƙa da ƙarfe. Ba ya tilasta wa masu nuna aikin yadda za su rataye shi, saboda haka kowane gari ya je sai ya sake kama.

Marafan nan kuwa suna da magana a cikinsu. Giya tana cikin hajar da Turawa suka riƙa kawowa bakin teku suna musanyawa da bayi. Ga shi yau marafanta sun koma musu cikin wata kama. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a birnin Venis na Italiya, a 2023 kuma aka rataye manyan ayyukansa guda 3 a gidan nuni na Tate Modern a London.

To, jama'a, ga inda maganata ta dosa. Muna da maƙera, da dukawa, da masu ƙera fitilar a-ci-bal-bal da gwangwani, hannunsu bai gaza na samarin Nsukka ba. Amma yaro da ya yi 'yar makaranta sai ya ji kunyar sana'ar ubansa, ya fi so ya zauna jiran aikin ofis. Ni akawu ne, na san iyakar abin da alƙalami ya ke kawowa. Ina roƙon malamai da iyaye su haɗa wa yara boko da aikin hannu, tun tsofaffin gwanaye suna raye. In sun tafi, wa zai koya mana?

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.