Kwalbar ruwa da na kai Tawa

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita. Albasa nake yi da rani. Jikokina uku suna lakwal, kuma ina cikin kwamitin iyayen yara.

Bara aka gyara mana famfon lakwal. Ruwa ya zo garau, kowa ya yi murna. Ni kaɗai na ce a kai shi awo. Aka yi mini dariya. Wani ya ce, "Baba, mu da muka sha ruwan tabki tare da shanu, yau ruwan famfo za mu tuhuma?"

Ga abin da ya sa. Ina saurayi na yi cin rani a Maradi, na san Tibiri. A 1985 aka fara ba mutanen garin ruwan wata rijiyar burtsatse. Shi ma garau yake. Ashe akwai wani sinadari a ciki, fulor, fiye da kima. Shekaru suka wuce ana sha. Yara ɗaruruwa haƙoransu suka yi ja, ƙafafunsu suka lanƙwashe. Na ga wasunsu da idona, ban manta ba.

Sai kuma Zamfara a 2010. Can gubar dalma ce. Mutane suna niƙa duwatsun zinariya a cikin gida, ƙura ta shiga ƙasa, ta shiga abinci da tabkuna. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, ido ba ya ganin ta a ruwa. Tafasawa ba ta fitar da ita. Tana iya fitowa daga tsohon bututu ko kan famfo na tagulla, in ruwa ya kwana a ciki. Kaɗan ma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro: ya kasa riƙe karatu, mu yi ta dukansa muna cewa daƙiƙi ne. Wannan shi ne ya fi ci mini rai.

Mushe ya goyi bayana. Ya rubuta takarda, ni na biya kuɗin mota da na buhun albasa ɗaya. Ma'aikacin ruwa ya ce kwalbar da na kawo ba ta yi ba, ta lemo ce. Ya ba ni tasu, ya ce in ɗebi ruwan farko na safe, kafin kowa ya taɓa famfo. Tafiya biyu ke nan.

Har yanzu muna jiran amsa. Kafin ta zo, kowace safiya ana zubar da bokitin farko a gindin itatuwan lakwal. Mun kwashe tsofaffin baturan mota da ke jibge kusa da famfo. Matata kuma ta daina sa wa jarirai kwalli, don shi ma sau da yawa da dalma a ciki, ko da yake sai da muka yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Mutanen Madawa, in kun taɓa auna ruwan lakwal ɗinku, ku rubuto wa jaridar nan nawa kuka biya.