Wanda ya fi dangi shi ke cin gasa

Duk mai wayar salula a Maraɗi ko Damagaram ya san irin saƙon nan. Yakan fito daga ƙanwar matarka, ko wani tsohon abokin karatu da kuka daɗe ba ku gaisa ba: "Don Allah a zaɓi ɗiyata, lamba 14. A bi shafin, a danna alamar babban yatsa, a tura wa mutum goma." Wani lokaci gasar karatu ce, wani lokaci ta waƙe, wani lokaci ma ta jaririn da ya fi kyau. Mai shiryawar kuwa ko mai shago ne, ko makarantar kuɗi, ko wani matashi da ke son shafinsa ya cika da mabiya. Kyautar ba ta wuce waya, ko turmin atamfa, ko kiredin jika biyar.

Ni malamin firamare ne kuma uba, don haka saƙon yana iso ni ta ƙofa biyu. Ban ƙi gasa ba. A ajina ma ina shirya ta, saboda na san yadda take zaburar da yaro mai nawa. Abin da ya dame ni shi ne abin da ake ƙirgawa.

Bara wata ɗalibata ta ajin CM2 ta shiga irin wannan gasa ta karatu. Aka ɗauki hotonta mai motsi tana karanta shafi guda da Faransanci, aka ɗora tare da na sauran yara. Yarinyar nan ba ta cin tuntuɓe a karatu, ta san inda ake tsayawa da inda ake ɗaga murya. Mahaifinta ɗan kabu-kabu ne mai ƙaramar waya ta maɓalli, mahaifiyarta ba ta da waya sam. Wanda ya ci gasar ɗan gidan ƴan kasuwa ne, masu dangi a Yamai da Kano da Kwatano, kowa da babbar waya a hannu. Yaron bai yi laifin kome ba, kuma shi ma yana ƙoƙari. Amma da yarinyar ta same ni bayan an tashi ta ce, "Mushe, a ina na yi kuskure?" sai na ce mata ba ta yi ba. Gaskiyar da na kasa faɗa mata ita ce babu wanda ya zauna ya saurari karatun nata, balle ya ga kuskure. An ƙirga yatsu ne kawai.

Mun fi kowa sanin yadda gasa ta gaskiya take. Tun 1975 da aka fara kokowar takobi a Tahoua, filin yakan cika maƙil, makaɗa na zuga, kowace jiha na yi wa nata kirari. Amma ba a taɓa ba mutum takobi don ƴan kallonsa sun fi ihu ba, sai ya yi galaba a kan abokin karawarsa. Haka musabaƙar Alƙur'ani: alƙalai ne ke zaune suna bin mai karatu aya bayan aya. Yaron da ya tashi yana ganin waɗannan, me za mu ce masa in ya gane cewa a wayar babansa yawan dangi ne ke ba da nasara?

Shi ma mai shirya gasar ba ya samun abin da yake zato. Facebook ba ya nuna duk abin da ka ɗora ga duk mai bin ka. Yana duba su wa ke tsayawa su karanta ko su yi magana, sannan ya ƙara yaɗa shi ko ya rage. Kawun da ya bi shafinka don ya zaɓi ɗiyar ƙanwarsa ba zai sake leƙowa ba. Adadin mabiya ya hau, amma taron tsintsiya ne ba shara. Tun watan Disamba na 2017 kamfanin ya sanar da cewa zai riƙa danne rubuce-rubucen da ke roƙon a danna, a tura, a kira sunan aboki. Dokokinsa ma sun hana a sa wa mai shiga gasa sharaɗin ya ɗora ta a shafinsa na kansa ko ya kira sunayen abokansa. Yawancin masu shiryawa ba su taɓa karanta wannan ba.

Iyaye kuma su lura da abin da suke bayarwa. Facebook ba ya yarda yaron da bai kai shekara 13 ba ya buɗe shafi, amma mu da hannunmu muke miƙa hoton ɗan shekara tara, da sunansa, da makarantarsa, da unguwarsu, ga mutumin da ba mu san fuskarsa ba. Gasa takan ƙare cikin mako biyu, hoton yana nan. Ɓarayi ma sun gano wannan ƙofa. Sai a turo maka adireshi a ce ka shiga ka yi zaɓe, a nemi lambar wayarka, sannan a ce ka rubuta lambobi 6 da suka shigo maka ta saƙo. Lambobin nan mabuɗin WhatsApp ɗinka ne. Da zarar ka bayar an ƙwace shi, an shiga roƙon ƴan uwanka kuɗi da sunanka. Babu zaɓen gaskiya da ke buƙatar waɗannan lambobi.

Duk da haka gasa tana iya tara jama'a ta hanya mai kyau. Sashen Hausa na BBC ya fara gasar Hikayata ta gajerun labarai ta mata a 2016. Alƙalai ne ke tace labaran, daga baya a karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Wanda ya zo don gasar labari ya zo nema, kuma labari ya samu, shi ya sa yake dawowa.

Wannan muka kwaikwaya ni da wasu abokan aikina lokacin babban hutu, a ɗan shafin da muke musayar darussa. Muka ce kowane yaro ya je wurin kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa ya ji tatsuniya, ya rubuta ta da Hausa da hannunsa. Mai waya ya ɗauki hoton takardar ya turo, marar waya ya kai wa daraktan makarantarsu. Muka rufe sunaye, muka ba malamai uku da ba su koyar da ko ɗaya daga cikin yaran ba suka duba. Kyautar littattafai ce da ƙamus, don kada wanda ba ruwansa da karatu ya yi kwaɗayinta. Muka ɗora rubutun da ya yi fice da izinin iyaye, ba tare da hoton kowa ba, kuma kowane yaro ya samu layi biyu a kan abin da ya iya da abin da zai gyara.

Mabiyan da muka ƙaru da su ba su da yawa. Amma malamai ne da iyaye, kuma har yau suna nan. Wata malama daga Tasawa ta nemi mu turo mata tatsuniyoyin don ta yi shifta da su a ajinta. Wani uba ya ce tun daga lokacin ɗansa ya hana kakarsa barci da wuri.

Kafin ka sa ɗanka a wata gasa, ko makarantarku ta shirya tata, tambayoyi uku sun isa. Wa zai duba aikin yaron? Ɗan talaka marar waya zai iya cin ta? Ina hoton da sunan za su kwana bayan an gama? In mai shiryawa ya kasa amsawa, to ba yaron yake nema ba, lambobin danginsa yake so. Mu malamai muna shafe wata tara muna gaya wa yara cewa ƙoƙari shi ke biya. Kada mu bari a rushe wannan cikin mako biyu saboda kiredin jika biyar.